Kafin Dambe Ya Shiga Wasan Bidiyo, a Nemi Izinin Masu Shi

A watan Fabrairun 2025 kamfanin Firaxis na Amurka ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Civilization VII, kuma cikin shugabannin da mai wasa zai iya zaɓa har da Sarauniya Amina ta Zazzau. Wannan ya nuna cewa masu ƙera wasannin bidiyo sun fara leƙo tarihin ƙasar Hausa. Tambayar ita ce: idan gobe suka zo neman dambe, kokawa ko kiɗan kalangu, wa za su tambaya, kuma wa zai amfana?

Batun ya shafi garuruwa irin su Kajiji da ke ƙaramar hukumar Shagari a jihar Sakkwato, inda matasa ke buga wasanni a wayoyinsu kamar takwarorinsu na birni. Yankin na da abin da masu wannan sana'a ke nema. Ga Sifawa a ƙaramar hukumar Boɗinga, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato. Ga tatsuniyoyi, ga kirarin 'yan dambe, ga waƙoƙin maza irin wadda Ɗan Anace ya yi wa Shago.

Doka ba ta ɗauki waɗannan abubuwa ɗaya ba. Tarihi ba mallakar kowa ba ne, don haka sa Amina a wasa ba ya buƙatar lasisi. Waƙar mawaƙin da aka sani kuwa dukiya ce. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa da rubutu har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Ke nan wanda zai sa muryar Ɗan Anace a wasansa sai ya nemi magadansa, da kuma wanda ya mallaki faifan da aka naɗa. Idan lasisin na mutum ɗaya ne tak, dole ya kasance a rubuce. Al'adun da aka gada kaka da kakanni, kamar tatsuniya da rawar gargajiya, su ma dokar ta kare su, ta kuma ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya alhakin ba da izinin amfani da su don kasuwanci.

A nan gizo ke saƙa. Hukumar na Abuja, masu al'adar na karkara, kuma da wuya makaɗin ƙauye ya san cewa akwai dokar da ta tsaya masa. Idan aka bar abin haka, za a koma ga kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai darasi daga ƙasashen waje. A 2018 wani jagoran al'ummar Cree ta Kanada ya koka cewa ba a tuntuɓe su ba kafin a sa shugabansu na da, Poundmaker, a Civilization VI. Wasan Never Alone na 2014 ya bi wata hanya dabam: an gina shi tare da mutanen Inupiyat na Alaska, aka kuma nemi yardar 'yar mai ba da labarin da aka ɗora wasan a kansa. Neman izinin bai rage wa wasan komai ba, sai ma ya ƙara masa daraja.

Saboda haka ya kamata hukumar ta fassara dokar zuwa Hausa, ta yaɗa ta a gidajen rediyo, ta kuma fayyace yadda rabon al'umma zai kai gare ta. Gwamnatin Sakkwato, tare da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sarakunan gargajiya, su tattara sunayen makaɗa da magadansu, domin mai neman izini ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Shi ma matashin da ke koyon haɗa wasa a waya ko kwamfuta, dokar ta hau kansa. Ya rubuta wa mai abu, ya faɗi abin da zai ɗauka, da tsawon lokaci, da ƙasashen da wasan zai shiga, da abin da zai biya. Manyan kasuwannin manhaja na sauke wasa idan aka kai ƙarar satar fasaha, wahalar shekara ta tafi a banza. Wanda ya girmama haƙƙin Ɗan Anace yau, shi zai iya tsayawa ya nemi nasa gobe.