Ka saya wa wayarka sikirin gad, ƙafarka fa? Magana kan takalmin masu saran itace

Yau ba maganar caji ko fanel na zo da ita ba, kodayake a teburin gyaran waya abin ya samo asali.

Kwanakin baya wani dattijo mai sana'ar itace daga wani ƙauye a yankin Sule Tankarkar ya kawo min wayarsa na canja mata sikirin. Da na gama ya ce in liƙa mata sikirin gad, in kuma ba shi gidan waya mai kauri, saboda a daji yake wuni. Na duba ƙasa sai na ga ƙafarsa ta dama ɗaure da tsumma, yana sanye da silifas. Na ce Baba me ya samu ƙafar? Ya ce gatari ne ya zame daga kan kututture ya taɓa shi, sati biyu ke nan bai fita aiki ba. Sai ya buɗe wayar ya nuna min wani bidiyo da ɗansa ya tura masa, Turawa suna tafiya a kan gungume da wani takalmi mai ƙusoshi a ƙasa. Ya ce, "Injiniya, irin wannan nake so ka yi min oda."

Na ce masa a'a. Dalilin wannan a'a ɗin nake so in warware yau, domin na san ba shi kaɗai ya ga irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook ya ji sha'awa ba.

Takalmin nan Turawa suna kiransa caulk boots. Na masu saran katako ne a arewa maso yammacin Amurka, jihohin Oregon da Washington, da kuma British Columbia ta Kanada. Can ruwan sama ne kusan kullum, itatuwan manya ne, gungumen jiƙe yake da gansakuka a kansa, santsi kamar sabulu. Mutum zai wuni yana taka gungume a gefen dutse, in ya zame an gama. Shi ya sa aka jera ƙusoshin ƙarfe a tafin takalmin su riƙa cizon ɓawon itace. Na zamani ƙusoshin ɗaurawa ake yi kamar noti, in sun cinye a kwance su da ɗan sifana a sa sababbi. Kamfanoni irin su Wesco da White's sun daɗe suna ɗinka shi, kuma kuɗinsa daloli ne ɗaruruwa, ban da kuɗin kawowa. Ka lissafa da canjin yau ka gani.

To yanzu ka dubi namu dajin. Daga Gumel ka nufi Maigatari, ko ka karkata Gagarawa, me kake takawa? Yashi. Ruwa wata uku zuwa huɗu, sauran shekarar rani. Babu gungumen da za ka hau ka yi tafiya a kai. Ƙusa a cikin yashi ba ta da abin da za ta ciza, nauyi kawai za ta ƙara maka. In ka hau kwalta ko siminti da shi santsi yake, kuma nan da nan ƙusoshin su cinye. Ka hau amalanke ya farfasa katakon, ka hau babur ya ƙi zama a kan birki, ka shiga gida ya yaga tabarma. A taƙaice ka sayi cajar da bakinta bai shiga wayarka ba.

Amma fa kada wani ya ɗauka cewa na ce a ci gaba da silifas. Wannan ne ma abin da ya fi damuna. Mutum zai kashe kuɗi ya kare gilashin waya, wanda in ya fashe cikin minti ashirin zan canja masa, amma yatsan ƙafa da ba a sayar da safayarsa a ko'ina ya bar shi a fili. Garin da ake kira Maigatari fa muke maƙwabtaka da shi, amma ka je inda ake faskare ka ƙirga mutum nawa ne suka rufe ƙafa.

Mu abubuwan da ke cin ƙafar mai itace a nan daban ne. Na farko ƙaya. Duk wanda ya taɓa taka ƙayar aduwa ko ta bagaruwa ko farar ƙaya ya san tana huda silifas kamar takarda, wani lokaci ta karye a cikin nama ta yi ruwa. Na biyu gatari da adda da barandami in sun kuɓuce, da guntun ƙirya ko marke in ya faɗo kan yatsu. Na uku kuma maciji. Kububuwa tana son ƙarƙashin tarin itace da kututture, launinta ya saje da ƙasa, kuma yawanci a ƙafa ko idon sawu take sara. Ita ce ke cika asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, kuma busasshen yanki irin namu ne wurin zamanta. Duk cikin ukun nan babu wanda ƙusa a tafin takalmi ke maganinsa. Abin da ke maganinsu shi ne tafi mai kauri wanda ƙaya ba ta hudawa, da ƙarfe a kan yatsu, da wuya mai tsawo da ya haura idon sawu. Wato wanda muke kira sefti but.

Ga inda wayarka za ta yi maka amfani. Ko a intanet za ka saya, ko wajen 'yan gwanjo a Kano, ko ka ci karo da shi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ka ɗaga harshen takalmin ka haska da tocin waya ka karanta tambarin da ke ciki. In ka ga EN ISO 20345, ma'anarsa murfin yatsun an gwada shi da bugu mai ƙarfin joule 200, kamar a sako abu mai kilo 20 daga tsawon mita ɗaya. Bayan wannan lambar akwai wasu haruffa, kuma su ne ainihin zancen. SB murfin yatsu ne kawai. S1P yana da faranti a cikin tafi mai hana ƙusa da ƙaya hudawa. S3 yana da farantin, fatarsa kuma tana jure ruwa. Mai shiga dajin ƙaya, S1P ko S3 zai nema. In takalmin na Amurka ne za ka ga ASTM F2413, sai ka duba ko akwai PR a jere, shi ne alamar hana huda.

Masu aiki da injin yankan itace kuma, ku ji da kyau: sefti but na gama-gari bai tare sarƙar inji, murfin yatsun kaɗai ke da ƙarfe, saman ƙafa fata ce. Naku daban ne, lambarsa EN ISO 17249, da hoton injin a jiki da lamba 1 ko 2 ko 3. Lamba 1 an gwada shi da sarƙa mai gudun mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Yana da tsada, yana da wuyar samu a nan, amma gara ka san abin da ka sa bai kare ka ba da ka saki jiki.

Tambari ana buga na jabu, kamar yadda ake buga sunan babban kamfani a jikin batirin da ba zai yi wata biyu ba. Ni dabarata, ina tafiya da maganaɗisun tsohuwar sifika a aljihu. In ɗora a kan hancin takalmin, in ya kama akwai ƙarfe. In bai kama ba ba lallai jabu ne ba, domin akwai masu murfin roba mai tauri da ba ƙarfe ba, amma dai sai in danna da babban yatsa da ƙarfi, in ya lotsa in ajiye musu kayansu. In a intanet ne, ka ɗauki hoton ka sa a Google Lens. Sau da yawa za ka tarar hoton na wani kamfanin waje ne aka sato, abin da za a kawo maka daban. Kada ka tura kuɗi gaba ɗaya wa wanda ba ka sani ba, ka nemi mai karɓar kuɗi bayan kaya sun iso.

Gwanjo yana da nasa tarkon, kuma ni kaina ya taɓa cin kuɗina. Yawancin sefti but tafinsu na wata roba ce da ake kira PU, wadda in ta daɗe a ajiye takan ruɓe daga ciki ko da ba a taɓa sa takalmin ba. Ka gan shi fes kamar sabo, kwana uku tafin ya fara marmashewa kamar busasshen burodi. Kafin ka biya ka lanƙwasa shi sosai, ka kankare tafin da farce. In yana zuba ko yana danƙo, bar shi ko kyauta ne.

Sai girma. Ka taka takarda, a zana ƙafarka, a auna da santimita, domin lambobin ƙasashe ba ɗaya ba ne, 42 na Turai shi ne wajen 8 na Ingila. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za ka riƙa sawa. Fata tana saki, ƙarfe ba ya saki. In murfin ya matse maka yatsa yau, haka zai matse shi har takalmin ya mutu.

Na san abin da za a ce min: zafi da kuɗi. Gaskiya ne, a watan Afrilu sa but a Gumel ba wasa ba ne, kuma mai sayar da itacen da ke neman na cefanen yau ba shi da rarar da zai fitar lokaci guda. Ban raina takalmin taya ba ma, tafinsa ya fi na silifas nesa ba kusa ba wajen tare ƙaya, sai dai sama a buɗe yake. Amma Baban nan sati biyu ya yi a zaune, ga kuɗin magani, ga allurar tetanus da sai da na matsa masa ya je ya yi, ga iyali suna jira. In ka haɗa wannan asarar ta sayi but mai kyau na gwanjo, kuma in ka kula da shi zai yi maka shekaru. Maganar zafi kuwa, safar auduga guda biyu kana canjawa, kuma ka cire takalmin lokacin hutu ƙafa ta sha iska.

Kulawar ba wuya. Abokin gabansa a nan yashi ne da hunturu. Yashi yana shiga ɗinki yana cin zare kamar yadda ƙura ke cin bakin caji, don haka in ka dawo ka kakkaɓe, ka bi ɗinkin da tsohon buroshin haƙori, irin wanda nake wanke fanel da shi. Ka juya tafin ka zare ƙayoyin da suka maƙale tun ba su nutse ba. Lokacin sanyi fata tana bushewa ta tsage a wajen lanƙwasa, sai ka shafa mata man kaɗanya kaɗan ka murza ya shiga. Kada ka sa baƙin mai ko kananzir, suna lalata fata da gam. In ya jiƙe da damina kada ka kanga shi a murhu ko ka shanya a tsakar rana, ka cusa masa takarda ka bar shi a inuwa. In ɗinki ya fara buɗewa kai wa shumeka tun yana ɗan ƙarami. In kuma wani babban gungume ya taɓa faɗa wa murfin har ya lotsa, ya gama aikinsa, ba zai ɗauki bugu na biyu kamar na farko ba. Kuma kullum da safe ka kife shi ka buga kafin ka zura ƙafa, kunama tana son kwana a ciki.

Wani ya tambaye ni ko ƙusoshin za su taimaka wajen hawa gawo ko darbejiya don sassabe reshe. Wannan wani ƙarfe ne daban da ake ɗaurawa a ƙwauri, kuma ko a can ƙwararru ba sa hawa itace mai rai da shi sai wanda za a sare gaba ɗaya, domin kowane taku rauni ne a jikin bishiyar. Mu da hamada ke leƙo mu daga arewa, layukan darbejiyar da aka shuka don tare iska ba abin da za mu huda ba ne, kuma saran ma sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Shi dai Baba ban yi masa odar mai ƙusa ba. Na sa wani abokina da ke zuwa Kano sarin kayan waya ya duba masa S3 lamba 43 a wajen 'yan gwanjo, na ba shi maganaɗisun ya tafi da shi. Ranar da ya zo karɓa ya gwada, ya yi taku uku a gaban shago, ya ce nauyi kamar an ɗaura masa turmi. Ya dai tafi da shi a ƙafa, silifas ɗin a leda.