Cire Tamostat Gyaran Gangar Auzinawa Ne

'Yan uwa, a wannan makon da wata gurguwar fahimta za mu yi faɗa, wadda ta cika garejinmu. Mota ta yi zafi, ka kai wa bakanike, ko lagireto bai leƙa ba sai ya ce, "Alhaji, tamostat ne. Na ƙasar sanyi ne, a cire shi a haɗa fanka kai tsaye." Mu kuma mu biya, har da godiya.

Wannan magana ba ta da tushe. Zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yakan haura digiri 40, amma an ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har injin ya ɗumama, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Motocin Saudiyya ma da shi suke yawo. In aka cire shi, injin yakan daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfutar motar ta riƙa ƙara masa fetur, ƙarafansa su riƙa cin juna. An bar jaki ana dukan taiki, ainihin cutar kuma tana nan.

Ai mota tana faɗin ciwonta. In a cunkoso take zafi, ta huce a kan babban titi, a duba fanka da fiyus ɗinta. In sai an taka ta take zafi, a zargi toshewar lagireto ko famfon ruwan injin. In ruwa na raguwa kullum, a nemi inda yake yoyo: tiyo, jikin lagireto ko murfinsa. Murfin nan da muke rainawa shi ke matse ruwan ya hana shi tafasa sai wajen digiri 120. In kuwa farin hayaƙi na fita ta salansa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, gasket ɗin kan inji ya ƙone. Shi kansa tamostat yana iya maƙalewa. A jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta. In bai buɗe ba kafin ruwan ya tafasa, a sa sabo.

Za a ce ai bakanike ya fi mu sani, kuma ga motoci nan suna tafiya babu tamostat. Suna tafiya, amma wa ke lissafin man da suke sha? Direbobi ma da nasu laifin. Ruwan burtsatse da ake ɗurawa maimakon ruwan kulant shi ke tara tsatsa da dattin da ke toshe lagireto. In allura ta hau ja, a tsaya a kashe injin, a jira aƙalla rabin awa. Buɗe murfi da zafi yana saɓule fatar fuska, kwara wa inji ruwan sanyi kuma yana iya lanƙwasa kansa ko ya tsage shi.

Yaron gareji abin da ya ji daga maigidansa yake maimaitawa, domin da wuya ya sami bayanin nan a rubuce da Hausa. Mu da muka ce rubutu za mu yi, wa muke jira ya rubuta masa?