Mai Mura Na Buƙatar Kwano, Mun Miƙa Masa Ƙwaya

Tun ɓullar korona a 2020 wata magana ta zauna daram a bakin jama'a: wai zink na ƙara ƙarfin garkuwar jiki. Da mutum ya fara tari da atishawa sai a tura yaro kemis ya sayo zink da bitamin C, a haɗa da maganin kashe bakteriya wanda ba ya taɓa bairas ko kaɗan. Shi kuwa majinyacin yana kwance, kwana da kwanaki bai sa komai a cikinsa ba sai ruwan shayi da tsinkakken koko. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba na musun amfanin zink. A farkon shekarun 1960 Dakta Ananda Prasad ya nuna illar ƙarancinsa a jikin samarin ƙauyukan Iran da Masar waɗanda suka tsumbure, abincinsu kusan gurasa zalla. Ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta ba sa aiki sosai in babu shi, kuma jiki ba ya tara shi don gobe. Namiji babba na buƙatar kamar miligiram 11 a rana, mace 8. Wanda yake da ƙarancinsa dole a cike masa giɓin.

Kuskuren yana wajen tsallen da aka yi daga nan zuwa cewa ƙari na warkarwa. A 2010 masu bincike a Holan sun ga zink na hana wani bairas ɗan dangin korona hayayyafa a ɗakin gwaji. Da annoba ta zo, wani likita a New York, Vladimir Zelenko, ya yayata haɗa shi da maganin zazzaɓin cizon sauro, maganar ta zagaye duniya ta waya. To amma an gwada a jikin mutane. Asibitin Cleveland na Amurka ya bi masu korona 214: wasu aka ba su zink, wasu bitamin C, wasu duka biyun, wasu ba ko ɗaya. Aka dakatar da gwajin tun bai ƙare ba, saboda babu wani bambanci na a zo a gani. Sakamakon ya fito a 2021, har yau bai iso kantunan maganinmu ba.

Masu kare ƙwayar kan ce ai an auna jinin waɗanda cutar ta fi kayarwa, an tarar zink ɗinsu ya yi ƙasa. Gaskiya ne. Sai dai zazzaɓi da kansa kan janye zink daga jini ya kai shi hanta, kuma yawancin zink ɗin da ke yawo a jini wani furotin ne mai suna albumin ke ɗauke da shi, wanda shi ma kan ragu a ciwo mai tsanani. Ashe sau da yawa wannan raguwar shaidar tsananin ciwon ce.

Ƙwayar ma ba ta rasa illa. Iyakar da masana suka sa wa babba miligiram 40 ce a rana, alhali akwai ƙwayoyi masu 50 a kasuwa. Tana tayar da zuciya, ta ƙara kashe ɗan marmarin abincin da ya rage wa marar lafiya. In aka daɗe ana sha, takan hana jiki tsotsar sinadarin jan ƙarfe, a ƙare da ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Inda aikinta ya tabbata shi ne gudawar yara, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsara tun 2004.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun da ake yi a kan abinci mai gina jiki. Mai zazzaɓin da ba ya ci, naman jikinsa yake ƙonawa, har da tsokar da yake numfashi da ita, wadda da ita yake tari ya fitar da majina daga ƙirji. Makaman da jiki ke ƙerawa don kama bairas su ma furotin ne. Lafiyayyen mutum mai nauyin kilo 60 na buƙatar kusan giram 50 a rana, mai jinya fiye da haka, tsoho kuwa ya fi kowa saurin zubewa. Ƙwai ɗaya na da kamar giram 6. Ku lissafa abin da ke cikin kofin shayi. Tun shekarun 1960 Dakta David Morley ya bayyana a Imesi-Ile, a kudu maso yammacin Nijeriya, yadda ƙyanda ke jefa yara cikin tamowa, amma har gobe akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai.

Kwanon da ke ba da furotin shi ne dai ke ba da zink: hanta, nama, kifi, ƙwai, nono, wake, gyaɗa, agushi, har da fara. Gero da dawa suna da nasu, sai dai akwai wani sinadari a cikinsu da ke riƙe shi ya hana hanji tsotsa. Jiƙo da tsimi da tsiro na rage wannan matsala, abin da iyayenmu mata suka saba yi wajen haɗa kamu.

Za a ce nama ya yi tsada. Haka ne, amma kuɗin da ake zubarwa a kemis kan mura guda zai sayi ƙwai da awara da kindirmo na 'yan kwanaki. A dama kunun gyaɗa mai kauri, a riƙa ba majinyaci kaɗan-kaɗan, a kai a kai, ko da ya ce bakinsa ba daɗi. Yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko yake numfashi sama-sama, asibiti za a kai shi ba tare da ɓata lokaci ba. Su kuma ma'aikatan lafiya, kafin su rubuta zink a takarda, su ɗora majinyaci a kan sikeli, su tambayi mai jinyarsa me ya ci tun jiya.