Lambar shekara ba ita ce sabunta ba

Samarin da ke zama a rumfunan cajin waya a Yargalma ta jihar Zamfara suna da wata magana da suka riƙe kamar karatu: gem ɗin bana ya fi na bara, mai buga tsoho kuwa ƙauyanci ke damunsa. Haka za ka ji a Gummi, haka a Anka. Yaro ya kai wayarsa wurin mai tura fina-finai a saka masa "PES na bana", ya dawo yana hura hanci don ya ga Mbappe cikin rigar Real Madrid. Ni ban yarda da wannan ra'ayi ba, kuma kamfanoni nake zargi da shuka shi don kasuwarsu ta ci.

Mu fara da abin da aka tura wa yaron. Idan ta manhajar PPSSPP yake bugawa, to ya sani Konami ba ta sake fitar da PES a na'urar PSP ko PlayStation 2 ba tun daga PES 2014. Wasu masu basira ne suka ɗauki tsohon suka canza sunaye da riguna da fuskoki, suka manna masa lambar bana. Gudun ɗan wasa, yadda gola ke shillo, yadda ƙwallo ke lanƙwasa a bugun tazara, duk na fiye da shekara goma ne. Yana kuma jin daɗinsa har batir ya mutu. Ashe tsohon da yake kushewa shi ne a hannunsa.

Aikin da kamfani ke yi wa tsohon gem iri uku ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa zai gane su. Akwai yaɓe: bango na nan yadda yake, an dai shafe shi ya yi kyan gani, wato an gyara hoto da sauti kawai. Akwai rushewa a sake gini a kan tsohon harsashi. Akwai kuma tashi a koma sabon fili, sunan gidan kaɗai aka tafi da shi.

Yaɓe shi ne inda aka fi cutar mutane. GTA San Andreas ya fito a 2004, har yau yara na yawo da jaruminsa CJ a kan keke. A Nuwamban 2021 Rockstar ta sake fitar da shi tare da 'yan'uwansa biyu, wai an goge su. Sai ga fuskoki sun karkace, ruwan sama na rufe wa mai bugawa ido, har sai da kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Kuɗi dai an riga an karɓa.

Sake gini kam, in an yi shi da gaske, ba ni da ta cewa. Resident Evil 4 na 2005 da Capcom ta sake ginawa a 2023 aiki ne na ƙwarai. Sai dai yana son babbar na'ura da wutar da ba ta ɗaukewa, mu kuwa sola da janareto muke lallaɓawa.

Na ukun ne ya kamata ɗan Zamfara ya fi kowa tunawa. A ƙarshen Satumban 2021 Konami ta binne sunan PES, ta fito da eFootball 2022 a kan sabon inji, ta ce kyauta ne, ta rataya kusan komai nasa a kan intanet. Duniya ta yi masa dariya saboda muninsa, ita ma Konami ta nemi afuwa. A farkon wannan watan ne kuma hukumar sadarwa ta ƙasa ta sa aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni ba sabis. Wa ya ga sabon gem a Bukkuyum a lokacin? Tsohon gem ɗin da ke kwance a memori ne ya ci gaba da aiki, ba ya neman data, ba ya jiran izinin kowa.

Don haka idan mai turi ya ce maka "ga sabo ya shigo", kada ka tambaye shi na wace shekara ne. Ka ce: Malam, me aka canza a ciki, kuma yana buɗewa in babu sabis?