Da'irar da ba ta cika da'ira ba: Blender da injin matsar rake

A ƙasar Maƙarfi, daga Nasarawan Doya zuwa Gubuchi, rake ne jigon noma, mazarƙwaila kuma ba ta samuwa sai da injin matsa. Irin waɗannan injina, da na casar masara, masu walda ne ke haɗa su, galibi ta hanyar kwaikwayon wanda aka riga aka ƙera. Yanzu ga matasa sun iya Blender, wadda ta zama kyauta tun 2002, da kuma SketchUp. Shin za su iya zana wa maƙeranmu inji da su? Amsata: rabin injin kawai.

Waɗannan manhajoji ba su dogara da lanƙwasa ta gaskiya ba. Galibi suna gina abu ne da ƙananan fuskoki shimfiɗaɗɗu masu kusurwa uku ko fiye, kamar raken da aka fere da wuƙa: daga nesa mulmulalle, a hannu kuwa duk gefe-gefe. Da'irar da SketchUp ke fara ba ka gefe 24 gare ta, silindar Blender kuma 32. Ɗauki sandar ƙarfe mai kaurin milimita 50, wadda ke juya mamatsar rake. Idan an zana ta da gefe 24, tsakiyar kowane gefe za ta gaza da'irar gaskiya da kimanin milimita 0.2. Ido ba zai gani ba. Amma mazaunin boris ana auna shi ne da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita, wato kuskuren ya ninka abin da aka yarda da shi kusan sau goma. Boris ɗin da ya zauna sako-sako ba ya kai ƙarshen kaka.

Mai gardama zai ce a ƙara yawan gefunan. Ana iyawa, sai dai akwai matsalar da ta fi wannan: zanen ba ya riƙe dalilin awonsa. A FreeCAD ko SolidWorks, da'ira cibiya ce da faɗi, lissafi tsantsa, kuma ana iya ɗaure ramin da sandar yadda in ɗaya ya canza ɗayan zai bi. A Blender sai ka bi ɗigo-ɗigo da hannu. Buƙatar bayyana lanƙwasa da lissafi ce ta sa Pierre Bézier na kamfanin Renault a Faransa ya yi aikin da ya shahara da shi a shekarun 1960.

To ina rabin da na ce? Dubi sauran injin: mazurari, ƙafafu, tiren da ruwan rake ke gangarowa, murfin bel. Duk fallen ƙarfe ne miƙaƙƙe da aka yanka aka liƙa. A nan fuskokin shimfiɗaɗɗu su ne ainihin siffar abin, babu abin da aka rasa. Cikin yini guda matashi zai zana fasali uku, ya nuna wa manomi a waya, su yi musu kan tsayin bakin injin kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, ga shi ƙarfe ya yi tsada. Murfin kariya, wanda sau da yawa ake barin sa don rage kuɗi alhali shi ke raba hannun yaro da mamatsa, ya fi sauƙin shiga ciniki idan mai saye ya gan shi a hoto.

(Ɗaliban Sashen Zanen Masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello, da ke aiki da yumɓu da masaƙa, sun fi kowa damar cin moriyarta, domin tulu ba ya neman awon boris.)

Saboda haka wanda ya iya Blender kada ya watsar, amma kada ya kira kansa mai zanen inji tukuna. FreeCAD kyauta ce ita ma, kuma sigarta ta 1.0 ta fito a Nuwamba 2024. Mai fere ƙarfe a Zariya ko a Panteka ta Kaduna ba zai buɗe fayil ba. Takarda zai nema, mai ɗauke da awon kowane rami a milimita.