Rumbun intanet bai cika cin amana ba, mu ne ke zubar da makulli

Watannin baya muka yi rashin wani kawuna a Kumasi, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ɗan kasuwa ne, ya fi shekara talatin yana fataucin albasa. Bayan addu'ar bakwai dangi suka zauna da malam kan maganar gado. Malam ya ce, kamar yadda kowa ya sani, ba a rabo sai an biya bashin da ke kan mamaci, an kuma san wanda yake bin mutane. Aka ce to a kawo littafin bashi. Sai babban ɗansa ya ce ai Baba ya daɗe da barin rubutu a littafi, hoton rasit yake ɗauka da waya, kuma ya sha faɗa musu cewa komai yana ajiye “a sama”, ko waya ta ɓata ba abin da zai taɓa shi.

Gaskiya ya faɗa, Allah Ya sani. Wayar ta ɓata a hidimar jinya, kuma ina kyautata zaton hotunan suna nan lafiya lau har yau. Matsalar ita ce babu mai iya shiga. Wani yaro ne a shagon waya ya buɗe masa asusun imel shekarun baya, shi ya zaɓi kalmar sirri, kuma ba wanda ya san inda yaron yake yanzu. Lambar wayar da aka ɗaura wa asusun tsohon layi ne da ya mutu tuntuni. Har yau mutane na zuwa suna cewa suna bin marigayi kuɗi, mu kuwa ba mu da abin gaskatawa ko ƙaryatawa. Waɗanda yake bi kuma, sai mai tsoron Allah a cikinsu ne ya kawo kansa.

Wannan ne ya sa na zauna na yi tunani a kan rumbunan ajiya na intanet, irin su Google Drive da iCloud da OneDrive da Dropbox, waɗanda Turawa ke yi wa laƙabi da girgije. Ra'ayina shi ne mu yi amfani da su, don sun fi aljihun tebur da ƙarƙashin katifa aminci nesa ba kusa ba. Amma mu daina ɗaukarsu a matsayin rumbun gidanmu. Ɗakin haya ne a gidan wani, a wata ƙasa, kuma wanda ya yar da makulli ba shi da mai gidan da zai je ya roƙa ido da ido.

Bari in fara da masu cewa a bar wannan harka gaba ɗaya a koma takarda. Na fahimce su, amma ban yarda da su ba. Duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 a Accra, ko gobarar da ta cinye kasuwar Kantamanto a farkon Janairun 2025, ya san abin da ruwa da wuta ke yi wa takarda. Mu da ke zaune a Nima da Mamobi da Aboabo mun san yadda ruwan dare ɗaya ke shiga ɗaki ya jiƙa takardar fili da ta makaranta da ta haihuwa. Waya ma ba ta fi ba, ana sace ta a trotro, tana faɗawa kwata. Su kuwa manyan kamfanonin nan suna ajiye fayil ɗinka a kan na'urori da yawa, galibi a gine-gine daban-daban, ta yadda in ɗaya ta lalace wata na nan. Ta wannan fuskar sun fi mu iya ajiya.

Sai dai babu wani girgije. Kwamfutoci ne jibge a cikin gini, suna shan wuta, suna zafi, kuma gini yana iya ƙonewa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu masu hulɗa da shi da ba su da kwafi a wani wuri sun yi asarar bayanansu har abada. A Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload rana ɗaya, masu laifi da marasa laifi duk suka wayi gari ba su iya kaiwa ga kayansu.

Ko ba gobara, mai gida yana iya sauya sharaɗin haya. Google Photos ya daɗe yana karɓar hotuna kyauta ba iyaka, sai ya tsayar da hakan daga 1 ga Yunin 2021. Yanzu gigabait 15 ne kyauta, kuma imel da hotuna da fayiloli duk a ciki suke rabawa. iCloud da OneDrive 5 suke bayarwa, Dropbox kuwa 2. In wurin ya cika, ajiyar sabbin abubuwa takan tsaya, mutum kuma yana can yana zaton komai na tafiya daidai. Haka nan Google ya sanar cewa daga Disambar 2023 yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Ka tuna da asusun mamaci da ba wanda ke shiga. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Sai maganar sauri. Mutane kan tambaye ni wanne ya fi sauri a cikinsu. Amsata ita ce a wurinmu bambancin da ke tsakaninsu bai kai matsalar layinka ba. A yawancin layukan waya, ɗora abu ya fi sauke shi jinkiri. Yi lissafi da kanka: bidiyon biki mai gigabait ɗaya, in layinka na ɗorawa da megabit 2 a daƙiƙa, zai ci fiye da awa ɗaya, ban da datar da zai lashe. In dumsor ya zo a tsakiya, ko data ta ƙare, abin ya tsaya rabi. Da yawanmu mun saita waya kada ta ɗora komai sai da wayifai, alhali ba mu da wayifai a gida. Ka ga kenan rumbun yana nan, amma fanko ne.

Kuma hanyar kanta tana iya yankewa. Ba mu manta da Alhamis 14 ga Maris na 2024 ba, a farkon azumi, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace lokaci guda. Ghana da Kodebuwa da Laberiya da wasu maƙwabta suka shiga duhu, har hukumar sadarwa ta ƙasa ta ce gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar. A ranar, fayil ɗinka yana nan lafiya a Turai ko Amurka, amma kai da ke Asawase kana buƙatar takardar asibiti ko tikitin Umara, ba ka da hanyar kaiwa gare shi. Abin da za ka buƙata cikin gaggawa, dole ya kasance a hannunka ko babu intanet.

Na uku shi ne tsaro, kuma a nan ne laifinmu ya fi yawa. Ba na cewa ba a taɓa fasa kamfanonin ba. An saci bayanan shiga na asusun Dropbox kusan miliyan 68 a 2012, kuma sai a 2016 aka san girman abin. Amma ɓarawon yau bai cika fasa katanga ba, makulli yake roƙa, mu kuma mu miƙa. Wani ya kira ka ya ce daga ofis yake, ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu. Irin dabarar 'yan damfarar momo ce sak. Wani kalmar sirrinsa lambar wayarsa ce ko shekarar haihuwarsa. Wata kuma ta kai gyaran waya ta bar ta a buɗe kwana biyu, da hotunanta na cikin gida duka a ciki.

Akwai kuma batun layin waya. Lokacin rajistar layuka da Ghana Card, an yanke layuka masu yawa a 2023, kuma mu 'yan Zango mun san wahalar da wasunmu suka sha kafin su samu katin. Kamfanonin waya kan sake sayar da lambar da ta daɗe ba ta aiki. In tsohuwar lambarka ce ke ɗaure da asusunka, saƙon maido da kalmar sirri wurin baƙo zai tafi.

Game da sirri, mu san cewa a yawancin rumbunan nan kamfani yana rufe fayil ɗinka da lambobin sirri, amma shi ma yana riƙe da makulli, sai in ka kunna tsarin da ke barin makullin a hannunka kai kaɗai, kamar wanda WhatsApp da Apple suka tanada. Tun 2018 kuma akwai dokar Amurka da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar bisa umarnin kotu, ko a wace ƙasa aka ajiye su. Mu ma muna da dokar kare bayanai ta 2012, amma ba ita za ta hana hoton walimar mata yawo ba in mai ɗaukar hoto ya saki mahaɗin da duk wanda ya samu zai iya buɗewa. Abin da ba za ka so wani ya gani ba ko bayan ranka, kada ka ɗora shi. Kada ma ka ɗauke shi.

To mene ne abin yi? Abu mai muhimmanci ya zama yana da kwafi uku: ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a filashi ko memori da ke ajiye a wani gida daban, ɗaya a rumbun intanet. Takardar fili da ta aure da lissafin bashi, a bar asalinsu a takarda cikin leda. A kuma lura, yawancin manhajojin nan madubi ne: in ka goge abu a waya yana iya gogewa a can ma, kuma a Google Drive kwana 30 kawai yake yi a kwandon shara kafin ya tafi.

Yau ɗin nan, ka buɗe asusunka ka duba wace lamba ce a ciki. Ka sauya kalmar sirri in wani ne ya zaɓa maka. Ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu, ka rubuta lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa a takarda ka adana. Google da Apple duk suna da tsarin da za ka ambaci amintaccen mutum da zai iya karɓar bayananka in ta Allah ta kasance. Minti goma ya isa.

Ina kira ga limamanmu da sarakunan Zango da ƙungiyoyin matasa su ɗauki wannan da muhimmanci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rubutun da magada ba za su iya buɗewa ba bai biya wannan buƙata ba. Yadda ake tunatar da mutane wasiyya, haka ya kamata a riƙa tunatar da su wannan, a kuma samu matasa masu amana da za su zauna da iyayenmu bayan sallar Juma'a su gyara musu asusunsu, kalmar sirri kuma ta zauna a hannun mai ita da wanda ya yarda da shi.

Mu dai namu ya riga ya faru. Matar kawu har yanzu takan tambaye ni ko an samu buɗe “wancan abin”, ni kuma sai in ce mata ana ƙoƙari. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ya kamata ka yi wa naka. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba.