Bindiga Ba Ta San Mai Ita Ba

Manomin kirki ba ya jingine garmarsa da laka a jikinta. In damina ta wuce sai ya kankare ta, ya rataye ta inda raɓa ba ta kai. Amma abin mamaki, wannan manomi shi ne zai sa bindiga a lungun ɗaki wata shida bai leƙa cikinta ba, ran da birai suka sauko wa masararsa sa'an nan ya ɗauko ta da gaggawa. Lalle wannan ganganci ne, domin garma in ta yi tsatsa aiki kurum ta ke ɓatawa, amma bindiga yatsu da ido ta ke ɗauka, wani lokaci har da rai.

A ƙasar Kwatarkwashi, da Tsafe, da Bunguɗu, har zuwa Gusau, riƙe bindiga ba sabon abu ba ne ga maharba da masu gonakin gindin dutse. Da can ta toka aka sani, wadda a ke ɗurawa ta baki. Yanzu kuwa akwai wadda a ke kira fam-akshin, watau mai maƙallin da a ke ja baya a tura gaba kafin kowane harbi. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙe irinta sai da lasin. A watan Yuni na 2022, da ta'adin 'yan bindiga ya yi tsanani, gwamnatin Zamfara ta ce waɗanda suka cancanta su nemi lasin don tsaron kai. Ko wane ra'ayi mutum ya ke da shi a kan wannan, bindigar da ta shiga gida bisa doka ta zama nauyi a wuyan maigida.

Abokan gabanta uku ne. Na ɗaya danshin damina, mai cin ƙarfe daga ciki. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke haɗuwa da mai ta zama kamar ƙullu, maƙalli ya cije. Na uku zanzaro, wanda ba ya ganin rami ya ƙyale. Kadan ya yi gininsa cikin hancin bindiga aka harba, ƙarfin albarushi ba shi da mafita, sai ƙarfen ya tsage daidai inda hannun hagu ya ke riƙe.

Ga yadda ya kamata a yi. Da fari mutum ya kori yara, ya juya bakinta wajen da ba kowa, ya kau da yatsa daga kunama. Ya ja maƙalli baya, ya fid da harsashi duka, na cikin hanci da na bututun nan na ƙarƙashi inda sauran ke jere. Ya duba da ido, ya kuma taɓa da yatsa, gama “ai ba kome a ciki” ita ce maganar da ta sa gidaje da yawa kuka. Sa'an nan ya murɗe murfin bututun ƙarƙashi a hankali, don akwai sifirin a bayansa, ya zare hancin. Ya ɗaga shi wajen haske. Ya naɗa tsumma mai tsabta a kan sanda, ya ɗiga masa mai, ya tura daga gindi zuwa baki, ya yi ta sake tsumma har ya fito fari. Ƙarafan da maƙalli ke gudu a kansu a goge su, a shafa mai kaɗan, ba a yi musu wanka da shi ba. Amma wajen kunama, mai ƙananan ƙarafa, kada manomi ya ce zai kwance. Wannan aikin gwani ne wanda hukuma ta yarda da shi.

Wane mai? In ba a sami na bindiga ba, na keken ɗinki ya wadatar. Man gyaɗa da man shanu na tukunya ne, in sun daɗe a ƙarfe danƙo su ke yi. Mai ta toka kuwa, tasa ta fi son kulawa, don tokar albarushi tana jawo danshi. Ran da ya harba, ran nan zai wanke ta da ruwan zafi, ta bushe sarai, kana ya sa mai.

Har wa yau a lura da lambar harsashi. Mai lamba 20 ya fi mai lamba 12 ƙanƙanta. In ya shiga bindiga mai lamba 12 sai ya zurma ciki ya maƙale, mai ita ya zaci bai ɗura ba, ya ƙara wani a kai. Allah ya kiyaye.

Wani zai ce ubansa ya shekara talatin da bindiga bai taɓa kwance ta ba, ba abin da ya same shi. To, sa'a ya yi, ita kuwa ba a gadonta. Aikin nan duka bai kai rabin sa'a ba. A yi shi bayan kowane harbi, da farkon damina, da bayan kaka. In an gama a ajiye ta ba ɗuri, a kulle, harsashi a wani wuri dabam inda hannun yaro ba ya kai. Wanda ya ga ba zai iya wannan ɗawainiya ba, gara ya miƙa ta ga hukuma, ya koma ga majajjawa da bugun gwangwani. Birai dai sun san su tun kaka da kakanni.